Tambaya da Amsa: Haruffan da ke Goshin Hular Hana-Sallah

Tambaya: Malam, ina yawan ganin samari a Ƙofar Ƙaura sanye da hular hana-sallah mai haruffan N da Y a sarƙe. Shin sunan kamfani ne? Daga wani mai karatu a Katsina.

Amsa: A'a, ɗan'uwa, tambarin Yankees ne, ƙungiyar besbol ta birnin Niyok a Amurka. Wasa ne da ake jefa wa mutum ƙwallo ya doke ta da kulki, sannan ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu, kuma kowane ɓangare 'yan wasa tara yake sakawa a fili. Bakin hular kuwa an yi shi ne domin kare idon ɗan wasa daga hasken rana, ko da yake a nan sai an juya shi baya kafin goshi ya taɓa ƙasa a sujada, wanda shi ne asalin laƙabin da Bahaushe ya ba ta. Ƙungiyar ta ci gasar World Series, wato wasannin ƙarshe na fitar da zakaran besbol na shekara a Amurka, sau 27, kuma shahararren ɗan wasa Babe Ruth ya koma cikinta a 1920. A ganina, yawancin masu sa hular ado kawai suke yi.