Amsa ga yarona game da rage siminti a kwaɓi

Yarona, ka tambaye ni abin da yake sa magini wanda ya san ƙa'idar kwaɓi sarai ya rage siminti da zarar mai gini ya ba da baya, kuma kana zaton jahilci ne yake kawo haka. Ba jahilci ba ne, domin yawancin masu yin wannan sun fi ka sanin aikin nesa ba kusa ba.

Hankali ne yake sanar da kai gaskiyar abu. Shi ya san cewa kwaɓin kankare na 1:2:4, wato awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, ba don ado aka tsara shi ba. Ya san ruwan da aka yawaita domin kwaɓi ya yi sauƙin zubawa yana barin ƙananan ƙofofi a ciki bayan ya ƙafe, kuma ya san ana auna ƙarfin kankare ne a kwana 28, shi ya sa ake shayar da shi ruwa aƙalla kwana 7 na farko. Sai dai hankali bara ne mai biyayya, kuma a nan nake so ka natsu. Idan zuciyarka ta riga ta karkata ga buhun da za ka ɓoye, hankalin nan da kansa zai yi ta kawo maka hujjoji, ya ce ginin ba mai tsayi ba ne, injiniya ya cika tsoro, mai ginin ma ya matse ladan aiki. Kowace hujja tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take shiga rai. Gwajin da nake yi mata guda ne: idan ba zan iya faɗinta a gaban mai gini ba, to son zuciya ne ya ƙirƙiro ta.

Ƙarfin zuciya kuwa ana ganinsa ranar da mai ginin da kansa ya ce a sa rodi mai milimita 12 inda zane ya ce 16. Ido yana ganin bambancin kaɗan ne, alhali ƙarfen da ke jikin na 12 bai wuce rabin na 16 da yawa ba. Sanin wannan lissafi ba shi da wuya, abin da yake da wuya shi ne ka ce ba za ka yi ba, kana sane da cewa aikin yana iya kuɓuce maka.

Ni a ganina, yadda mutum ya saba kallon sana'arsa ya fi waɗannan biyu nauyi, domin shi yake yanke hukunci tun kafin a zo wurin aiki. Wanda yake ɗaukar bango a matsayin abin da filasta za ta rufe, kullum sai ya yi kokawa da ransa, kuma wata rana za a kayar da shi. Wanda ya saba tuna cewa mutane za su kwana a ƙarƙashin abin da ya zuba, da wuya tunanin ragewa ma ya zo masa. Tun wajen shekara ta 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, dokar Sarki Hammurabi na Babila ta yanke kisa ga maginin da gidan da ya gina ya rushe ya kashe mai shi, amma tsoron hukunci ba ya tsayawa a kan mai kwaɓi yana ƙirga masa awo.

Gobe idan za mu zuba kankaren ginshiƙai, kai za ka riƙe ƙirgar awon, ni kuma ba zan tsaya a kanka ba.