Waifai ya haɗu amma intanet ba ya tafiya

Assalamu alaikum. Malam, na saurari saƙonka. Ka ce waya tana nuna waifai ya haɗu, sanduna a cike, amma ko saƙo ɗaya ba ya fita, har ka nemo tsinke za ka danna ɗan maɓallin reset na bayan rauta, wato na'urar da ke ba ka waifai. Don Allah ajiye tsinken nan tukuna. In ka danne shi kamar daƙiƙa 10, duk abin da aka saita maka zai goge, har da sunan shiga da kalmar sirrin da kamfani ya sa a ciki. Sai ka koma da matsala biyu.

Sandunan da kake gani, tsakanin wayarka da rauta ne kawai. Ba ruwansu da abin da ke faruwa daga rauta zuwa waje. To duba fitilu. Faiba ce taka, wato siririyar wayar da ke kawo intanet ta haske, ko? In fitilar da aka rubuta wa LOS tana ƙifta ja, haske ba ya isowa ke nan: ko faibar ta tsinke a hanya, ko an lanƙwasa siririyar nan a bayan kabad. Wannan sai kamfani. Kuma kada ka zare ta ka leƙa bakinta da ido, hasken ba a ganinsa amma yana illa. In kuwa fitilar da aka rubuta wa PON tana tsaye kore, layi lafiya lau, mu dawo cikin gida.

A'a, tsaya, na yi gaggawa. Kuɗin wata bai ƙare ba? Tabbatar da wannan. Sannan gwada wata wayar, don in ita tana yi, laifin na wayarka ne. Sai ka zare rautar daga wuta, ka ƙirga 30, ka mayar. In modem ɗinka, wato akwatin da layin kamfani ke shiga, daban ne, shi za ka fara kunnawa, fitilunsa su natsu, kana rauta.

In ya ƙi, je kan kwamfuta ka buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta ipconfig, zai nuna maka adireshin kwamfutar. Ka ga lamba ta fara da 169.254? To rauta ba ta ba kwamfutar adireshi ba, kwamfutar ce ta laƙa wa kanta. In lafiya ne za ka ga irin su 192.168.1.1 ko 192.168.0.1 a layin ƙofar fita (Default Gateway), wato adireshin rautar, kuma dole ya dace da wanda ke rubuce a takardar ƙasan rautar, sai in an canza.

Wannan lambar fa nake so ka kalla da kyau, don ta taɓa cinye min kwana uku a wani ofis. Wasu kwamfutoci suna yi, wasu ba sa yi, gobe kuma su yi musanya. Na canza wayar kebul, na sake matse kawunanta, na kira kamfani sau biyu, suka ce layinsu ƙalau. Kowa yana kallona kamar ni na lalata. Ran na uku na durƙusa ɗauko biro, sai ga 'yar fitila tana ƙiftawa a bayan firinta, cikin ƙura. Wani ne ya kawo tsohuwar rauta daga gida don waifai ya kai teburinsa, ya soka wayar a ramin LAN na jona kwamfutoci maimakon WAN na shigowar intanet, bai kashe DHCP ba, wato tsarin da ke raba adireshi. Ita ma tana ta rabon adireshi, na 192.168.0, mu kuwa namu 192.168.1 ne. Duk kwamfutar da tsohuwar rautar ta riga amsa mata, ta ɓata. Kuma mutumin nan yana zaune yana ganina kwana uku, wallahi bai ce uffan ba. Har yau abin yana min ciwo. Shi ya sa nake tambaya, akwai wanda ya jona wani abu kwanan nan?



In adireshi daidai ne, rubuta ping 8.8.8.8 a cmd, don a gwada ko saƙo yana fita waje. Ya amsa amma shafuka ba sa buɗewa? DNS ne, wato mai juya sunan shafi zuwa lamba, mayar da shi 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare. Bai amsa ba, to daga rauta zuwa waje ne. Ɗauko hoton fitilun da na ipconfig ɗin ka turo nan, ina jira.