Me ya sa harsashina ba ya sauka inda na auna a wasannin harbin zombi na Wii?

Tambaya: Malam, na samu Wii na hannu, na'urar wasan bidiyo ta Nintendo, da faifan The House of the Dead 2 & 3 Return. Sai in auna kan zombi sosai, in danna kunama, harsashin ya wuce gefe. Wani ya ce min laifin talabijin ta bango ne, wai sai da tsohuwa mai ƙusumbi waɗannan wasannin suke yi. Haka ne? Kuma wane wasa zan nema bayan wannan?

Amsa: Ɗan'uwa, wanda ya faɗa maka ya yi gaskiya a kan wasu bindigogi, amma ba irin taka ba. Bindigogin da, irin Zapper ta wasan Duck Hunt na 1984 ko GunCon ta kamfanin Namco, talabijin ɗin kanta suke kallo. GunCon tana lissafa daidai lokacin da hasken da ke zana hoton layi-layi ya gifta ta gaban bakinta, daga nan ta gane inda aka auna. Talabijin ta bango ba haka take zana hoto ba, kuma tana ɗan jinkirta shi kafin ta nuna, shi ya sa waɗancan bindigogin suka mutu tare da masu ƙusumbi.

Rimot ɗin Wii, wanda ya fito a 2006, ba ruwansa da talabijin. A bakinsa akwai 'yar kyamara mai ganin hasken infirared, wanda idon mutum ba ya gani. Siririyar sandar nan da kake ɗorawa a saman talabijin ko ƙasanta ba ta jin komai, ba ta ganin komai. Fitilu ne kawai guda 10 a ciki, 5 a kowane gefe. Rimot yana ganinsu kamar ɗigo biyu, kuma daga wurin da ɗigon suka faɗa a idon kyamarar, da tazarar da ke tsakaninsu, na'urar take ƙiyasta inda ka nufa. Har kyandir biyu mutane suna kunnawa a madadin sandar, rimot ɗin ya yi aiki. To ka ga bai san girman talabijin ɗinka ba, bai san inda gefenta ya ƙare ba. Sai an gaya masa.

Nan ne gyaranka yake. Fara da saitin na'urar: akwai wurin da ake zaɓar ko sandar tana sama ko ƙasa, kuma Wii na hannu sau da yawa yana zuwa da zaɓin tsohon mai shi. Daidaita sandar a tsakiya, bakinta daf da gefen teburin, kada katako ya tare hasken. Sai ka shiga shafin ƙarfin gani na rimot, mai mataki 1 zuwa 5. Ɗigo biyu kacal ya kamata ka gani suna ƙyalli a allo. Idan ka ga na uku, akwai ɓarawon haske a ɗakin: rana ta taga a bayan talabijin, tsohon ƙwan fitila mai zafi, ko teburin gilashi da ke mayar da hasken sandar. Shi ne yake sa alamar saiti, wato alamar da ke nuna inda ka auna a allo, ta yi ta tsalle. Idan ɗigo ɗaya ne ko babu, haska sandar da kyamarar waya. Wayoyi da yawa suna nuna fitilun idan suna da rai. Ka zauna tsakanin mita 1 zuwa 3.

Bayan haka, wasan da ke hannunka yana da nasa shafin daidaita bindiga, inda zai sa ka harbi wasu alamomi a allo. Yi shi a zaune ko a tsaye yadda za ka yi wasan, kuma kada ka canja wuri, domin da ka matsa kujera lissafin ya ɓaci. Idan ya zauna, kashe alamar saitin ka auna da ido, a nan daɗin yake. Laifin talabijin ta bango guda ɗaya ne: jinkiri. Hoton Wii ƙarami ne, sai talabijin ta tsaya faɗaɗa hoton da ƙawata shi. Kunna mata yanayin wasa a saitinta, jinkirin zai ragu.

Game da abin da za ka nema, The House of the Dead: Overkill na 2009 ne zan fara miƙa maka. Don Wii aka gina shi tun daga tushe, ba daga gidan wasa aka kwaso shi ba kamar naka, yana da daidaita saiti, kuma yana saka wa mai harbi a tsanake, tunda makinka yana ninkuwa muddin ba ka ɓarar da harsashi ba. Sai dai bakinsa ba linzami. Ashar ɗin da ke cikinsa har kundin Guinness ta kai shi, ga jini male-male, don haka ba na gaban yara ba ne.

Na kamfanin Capcom guda biyu, Resident Evil: The Umbrella Chronicles na 2007 da The Darkside Chronicles na 2009, wani salo ne daban. Alamar saiti kake ja a allo, labari ya fi yawa, kuma a na farkon, wurin da ke kashe zombi nan take ɗan ƙaramin fili ne a goshi. Na biyun kyamararsa tana girgiza kamar mai gudu ne ya riƙe ta, da gangan aka yi don tsoratarwa, amma ni a ganina ta ci amanar mai auna kai. Idan ka ƙoshi da harbin goshi, Dead Space: Extraction na 2009 yana juya dokar: dodanninsa gaɓoɓi ake datse musu.

Wii Zapper kuwa roba ce kawai da ake cusa rimot a ciki, ba ta ƙara daidaito ko kaɗan, kuma kunamarta tana da nauyi idan ana harbi a jejjere. Mariƙi mai siffar ƙaramar bindiga ya fi dacewa da wasan da kake yi, musamman da yake a cikinsa sai ka kau da bakin bindiga daga allo kafin ka ɗura harsashi.