Amsa: Tseren motoci a cikin gari, riba ce ko asara?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko garin da ya rufe titunansa don tseren motoci yana cin riba. A ganina, sai garin da dama yake da abin sayar wa baƙi.

Dubi Singapore. Tun 2008 take yin tseren Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, da daddare, gwamnati ce ke ɗaukar kashi 60 cikin ɗari na kuɗin shiryawa. Otal-otal na cika, jiragen sama na kawo masu kuɗi, ga tallar gari kyauta a talabijin. Can lissafin ya fita.

Amma Valencia a Sifaniya ta yi daga 2008 zuwa 2012 ta haƙura, aka bar bashi da titin da ciyawa ta cinye. A Las Vegas ta Amurka kuwa, a 2023, masu ƙananan gidajen abinci sun yi ta kuka saboda aikin titi na watanni ya kore musu kwastomomi, har wasu suka je kotu.

Shi ya sa ban cika yarda da alƙaluman ribar da masu shirya gasar ke bayarwa ba. Manyan otal ne ke kwashe romon, mai shago a bakin titin da aka toshe shi ke biya, ga kuɗin haraji da aka zuba wajen shinge da tsaro.