Amsar tambayarka kan inda ake fara bin salsala

Kai Sani, na ga saƙonka tun bayan la'asar, wai wani ya kawo maka aikin bin salsalar gidansu saboda taron zumuncin da za su yi bayan babbar sallah, kana tambaya gidan adana takardun tarihi na Kaduna za ka fara zuwa ko intanet za ka shiga. Intanet! Shekara biyu kana riƙe min jaka amma har yanzu kanka na cikin waya. Wa ya saka kakan kakan mutumin Gezawa a intanet? Ku yaran yanzu komai sai ku ce bari in duba, ba ku iya zama a tabarma awa uku kuna sauraron tsohuwa ba.

Tsohuwa za ka nema, wadda ta fi kowa tsufa a dangin, ko da ana cewa ta fara ruɗewa. Maza ka bar su sai daga baya, su namiji ba abin da ya riƙe sai wanda ya yi sarauta da wanda ya je Makka a ƙasa. Mace ce ta san wa ya auri wa, wa aka saka da ciki, wane ne agola, wa aka ba wa riƙo, wa ya sha nonon wa. Kuma ka sani ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ba za ta faɗi na ɗan farinta ba, alkunya ce, kar ka tsaya kana matsa mata kamar ɗan sanda, jikarta za ta faɗa maka a zaure. Shekara ma kar ka tambaye ta da lamba. Ka ce lokacin wane sarki. In ta ce ubanta ya ga basasar Kano ta Tukurawa da Yusufawa ka san 1893 zuwa 1894 ake magana, in ta ce zuwan Nasara Kano 1903 ne, jirgin ƙasa ya iso 1911, yunwar Kakalaba wajen 1914, zuwan Sarauniya Kaduna 1956, canjin hannun tuƙin mota 1972, naira ta fito 1973. Waɗannan ka haddace su kamar ƙulhuwallahu. Yadda ake jera sunaye a takarda da zana bishiyar kuwa ba zan ɓata bakina ba, wanda bai iya wannan ba ya koma sayar da katin waya.

Amma tsaya, nawa mutumin ya ba ka kafin alƙalami? Don tambayar nan taka ta tono min wani miki.

A 2008 wani alhaji mai shagunan atamfa ya aiko mota har ƙofar gidana. Ba zan kama suna ba, yana nan da ransa, muna haɗuwa a jana'iza yana kau da kai. Ya ce yana so a haɗa masa littafin zuri'a tun daga tushe, muka yi tsada naira dubu 150, ya ba ni dubu 20 ya ce sauran in an gama. Ni kuma ganin girman rawani da ƙamshin turare na ce ba komai Alhaji. Wata uku na yi a kan aikin nan, da kuɗin motata, har na bar wasu ƙananan ayyuka biyu suka tafi wajen wani. Aka kai ni wajen gwaggonsa a wani ƙauye gabas da birni, tsohuwa ta kusa casa'in don ta ce an haife ta shekarar da Sarki Abbas ya rasu, kenan 1919. Wallahi Sani tunda nake sana'ar nan ban taɓa zama gaban kai irin nata ba. Ido ya tafi amma ta jero min mutum sama da ɗari biyu, da sunan yanka da laƙabi da garin da kowace mace ta yi aure, in na koma bayan mako biyu na sake tambaya ta baya don in gwada ta, ko ɗaya ba ya sauyawa. Kaset shida na cika, masu minti casa'in casa'in. Goro nake kai mata da ɗan sabulu, tana ce min ɗan nan ka dawo, yau ina muka tsaya.

Rana ta biyar ta sa aka fitar da yara daga ɗakin, ta ce in matso. Ta ce kakanta, wato kakan uban Alhaji, ba a nan aka haife shi ba, kamo shi aka yi yana yaro daga duwatsun kudu zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, aka kai shi rinji, wato ƙauyen bayi. Ya koyi rini, ubangijinsa ya yarje masa murgu, wato ya yi aikin kansa yana ba ubangijin wani abu, yana aiki a karofi yana biya kaɗan kaɗan har ya fanshi kansa, daga nan ya bi ayarin fatake zuwa Gwanja sarin goro, ya je ya dawo ya je ya dawo har ya zama shi ake bi. Ta sa aka janyo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado, ga takardar fansar nan a naɗe cikin fata, da larabci, da sunayen shaidu. Hannuna har rawa yake. Ni a wurina wannan shi ne abin alfahari, mutum ya sayi kansa da guminsa ya kafa gidan da yau ake layi ana karɓar zakka a ƙofarsa.

Na rubuta komai tsaf na kai wa Alhaji. Ya karanta shafi biyu fuskarsa ta canza. Ya ce Malam ai mu Fulani ne, kakanmu malami ne da ya zo da jama'ar Shehu. Na ce Alhaji ban ji haka a bakin kowa ba, kuma ga takarda. Ya yi shiru, can ya yi murmushi ya ce to ba laifi, in bar masa rubutun da kaset ɗin da takardar ya nuna wa yayyensa, jibi in zo in karɓi cikon kuɗina. Ka ji wautar da na yi da furfurata? Na miƙa masa duka. Ban kwafi kaset ko ɗaya ba, ban kai takardar an yi hoto ba, shagon hoto yana nan tsallaken titi naira goma ne. Jibi na zo, Alhaji ya yi Dubai. Mako ya zagayo, Alhaji yana barci. Sau goma sha ɗaya na je gidan nan, har maigadi ya fara jin kunyata. Bayan sallah sai ga kalanda an buga mai sheƙi, da sunaye ɗari biyun da na sha rana na tattaro, jerin da na yi da hannuna ko waƙafi ba a canza ba, sai dai can sama an ɗora wani Modibbo da ba a taɓa haifa ba. Tsohuwar kuma ta rasu da daminar shekarar. Dubu 130 na yafe ko ban yafe ba wannan tsakanina da Allah ne, amma muryar matar nan da aka ɓatar, ita ce har gobe in na tuna abinci ba ya min daɗi.

Shi ya sa kake gani ba na fita aiki sai an ba ni rabi, kuma tun a zaure nake gaya wa mutum abin da na samo shi zan rubuta, in sharifta yake so ko jinin sarauta akwai maroƙa, su ba sa tsada. Kowa yanzu daga Yamal ko Malle kakansa ya zo, to su wa suka yi noman ƙasar nan?

Batun Kaduna, eh akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa, akwai Arewa House, a nan Kano akwai Gidan Ɗan Hausa, Sakkwato akwai cibiyar Waziri Junaidu. Amma abin da Turawa suka rubuta rahoton gunduma ne da haraji da jerin hakimai da dagatai, in gidan mutuminka ba su riƙe sarauta ba da wuya ka ga sunansu, sai dai ka gane yaushe aka kafa ƙauyen da daga ina mutanensa suka taso. Kuma kar ka je kana neman sunan iyali irin na Turawa, mu da sunan uba muke tafiya, wanda ya shiga boko ma sau da yawa sunan garinsu aka liƙa masa. Kafin ka kashe kuɗin mota ka duba bangon Alƙur'anin gidan da tsofaffin littattafan malaminsu, nan ake rubuta haihuwa da rasuwa da ajami, ka nemi takardun rabon gado da na cinikin gona, ka kalli tsagar fuskar tsofaffin ka tambayi wanzamin gidan, ka ji da wa suke wasan taubasantaka. In aka ce wani kaka ya tafi gabas bai dawo ba kar ka rubuta ya mutu, da yawa suna Sudan, Mai Wurno, wani gari a can, cike take da jikokin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903.

Wayar nan taka da ba ka rabuwa da ita, ga ranarta, ka ɗauki murya da ita, kowace takarda ka ɗauki hoto kafin ka mayar wa masu ita, daren ranar ka turo min kwafi. Kowane suna ka rubuta wa ya faɗa maka a gefensa. Gobe bayan azahar ka biyo shago ka karɓi littafina mai baƙin bango, kuma ka zo da mutumin, ina so in ga idonsa kafin ka taka ko'ina.