Tafiyar Hutu Da Jariri Ɗan Wata Biyu Da Rabi: Ba Ta Yi Masa Wuri Ba?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina da jariri ɗan wata biyu da rabi, shi ne ɗana na fari. Hutu ya ƙarato, iyayen maigidana kuma sun ƙosa su ga jikansu. Tafiyar awa shida ce a mota, za mu yi kwana biyar a gida cike da jama'a. Nono zalla yake sha. Wata ƙawata ta ce in ba shi maganin mura mai sa barci don kada ya yi ta kuka a hanya. Shin tafiyar ba ta yi masa wuri ba? Me ya kamata in kula da shi?

Amsa: Sannu da ƙoƙari 'yar'uwa, Allah ya raya. Jaririn da ya cika watanninsa a ciki, yana kama nono sosai, nauyinsa na ƙaruwa, zai iya wannan tafiya. Idan bakwaini ne, ko yana da ciwon zuciya ko na huhu, ki fara kai shi wurin likitan da ke duba shi kafin ku tsayar da rana.

Maganin da ƙawarki ta faɗa kuwa, don Allah kada ki ba shi ko ɗigo. Irin waɗannan magunguna suna iya danne numfashin jariri, har akwai wanda aka hana ba yaron da bai kai shekara 2 ba saboda wannan dalili. Kukansa a hanya zai dame ki, amma da shi yake gaya miki yana jin yunwa, ko zafi, ko ya jiƙe.

A cikin mota, wurinsa shi ne kujerar jarirai, a ɗaure ta a kan kujerar baya ta motar, shi kuma yana kallon baya. Kan jariri yana da nauyi, wuyansa bai yi ƙwari ba, to idan aka taka birki da ƙarfi bayan kujerar ne ke tallafe kai da wuya gaba ɗaya. Na san zuciyar uwa ta fi kwanciya idan ɗanta na cinyarta, sai dai a lokacin karo babu hannun da ke iya riƙe shi. Ki zauna kusa da shi kina kallon fuskarsa, domin idan kansa ya sunkuyo haɓa ta taɓa ƙirji, hanyar numfashi na matsewa. Duk bayan awa biyu, ko ƙasa da haka, ku tsaya ki fito da shi ya miƙe, ki shayar, ki canza masa ƙunzugu. Kada ki kwance shi ki ba shi nono mota na tafiya. Da wannan lissafi awa shidanku za ta koma takwas, sai ku tashi da wuri. Kada a bar shi shi kaɗai a mota ko na minti ɗaya, kuma kada ki ba shi ruwa don ana zafi. Kafin wata 6 nono ya wadatar, ki dai yawaita ba shi, ke ma ki sha ruwa sosai. Idan yana fitsari sau shida ko fiye a yini da dare, yana samun abin da ya ishe shi.

Abin da ya fi damuna ma shi ne bayan kun sauka. Ɗan wata biyu da rabi bai kammala allurar rigakafin farko ba. A jadawalin da ƙasashe da yawa ke bi, ana yin ta a mako na 6, da na 10, da na 14, kin ga ɗanki yana tsakiya ke nan. Ki duba katinsa, idan ranar allura ta faɗo cikin kwanakin tafiya ki yi magana da ma'aikatan lafiya tun yanzu, katin kuma ya shiga jakarki. Murar da babba zai yi ya ware cikin kwana uku tana iya sauka a ƙirjin jariri ta kwantar da shi a asibiti. Tarin shiƙa ma a jikin babba yakan zo kamar tari na yau da kullum. Saboda haka duk mai son ɗaukarsa ya wanke hannu da sabulu, mai tari ko zazzaɓi ya gan shi daga nesa, kada a sumbace shi a baki ko fuska, musamman mai ƙurajen nan da ke fesowa a leɓe, don ƙwayar cutarsu tana da haɗari ƙwarai ga ƙaramin jariri. Hayaƙin taba ya yi nesa da shi. Kada kuma kowa ya ɗanɗana masa komai, balle zuma, wadda ba a ba yaro sai ya cika shekara.

Na san faɗin wannan a gidan surukai yana da nauyi, kuma mutanen nan ƙauna ce ta sa suke rububin ɗaukarsa. Ku tattauna da maigidanki tun kafin tafiya, shi ya sanar da iyayensa, ya ce umarnin likita ne. Idan hannaye suka yi yawa, kika ga yana kau da kai yana mutsu-mutsu, ki ce lokacin shan nono ya yi, ki shige ɗaki da shi.

Sai makwanci, wanda iyaye da yawa ba sa tunawa da shi sai dare ya yi. Ya kwanta rigingine a kan shimfiɗa mai ƙwari, shafaffiya, ba matashi, ba bargo mai kauri kusa da fuskarsa, a ɗakin da kike. Kada ki bari barci ya kwashe ki da shi a kan doguwar kujera, wannan na daga cikin wurare mafiya haɗari ga jariri, ga ki kuma da gajiyar hanya. Kujerar motar ma ba gado ba ce, da kun isa a cire shi.

Ki tafi da ma'aunin zafin jiki, ki kuma tambayi asibiti mafi kusa da gidan tun ranar da kuka sauka. Jaririn da bai kai wata 3 ba, idan zafinsa ya kai digiri 38, asibiti za a kai shi nan take ko da tsakar dare ne, ba a ba shi magani a gida a jira gari ya waye. Haka nan idan ya ƙi kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko ya yi laushi yana wuyar tashi daga barci, ko jikinsa ya yi sanyi, ko ya yi jijjiga. Ki buɗe rigarsa yana kwance shiru ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cikakke: a shekarunsa, 50 ko fiye ya yi sauri, kuma idan ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk sa'ad da ya ja iska, ku kama hanyar asibiti.