Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Haɗa 'Ya'yanmu da Kisan Yahudawa da 'Yan Roma?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, kuma 'yata tana ajin da za su rubuta jarrabawar BEPC bana. Kwanan baya ta dawo gida jikinta a sanyaye, wai malamin tarihi ya ba su labarin yadda Hitler ya hallaka Yahudawa da wasu mutane da ake ce wa 'yan Roma, har ya ce su shirya zaman tunawa a watan Janairu. Malam, mu da muke da namu makokin, ga Boko Haram ta hana mutanen Mora da Kolofata barci, ga abin da ake yi wa Falasɗinawa muna gani a waya kullum, me ya kai mu kukan mutuwar Turai? In je in yi wa malamin magana ne? Daga wani uba, Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya raya mana yarinya, ya ba ta sa'ar jarrabawa. Idan har za ka je wurin malamin nan, to ka je da godiya. Da alli na tsufa, tarihi na koyar a Marwa da Ngaundere, kuma wannan darasin yana cikin waɗanda ban taɓa yarda na tsallake ba, ko da lokaci ya ƙure.

Abin ya faru, babu tantama. Gwamnatin Nazi ta Jamus da masu taya ta sun kashe Yahudawa kimanin miliyan 6 a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kusan miliyan ɗaya da rabi daga cikinsu yara ne. A sansanin Auschwitz kaɗai, a ƙasar Poland, an hallaka mutane kimanin miliyan 1.1. Sojojin Tarayyar Sobiyet suka 'yantar da sansanin ranar 27 ga Janairu 1945, shi ya sa a 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wannan rana don tunawa.

Ni dai ba alƙaluman ne suka fi tsaya mini a rai ba. Yadda aka faro abin, shi nake so kowane ɗalibi ya riƙe. Hitler ya hau mulki a Janairun 1933. Kafin a shiga watan Mayu an yi dokar korar Yahudawa daga aikin gwamnati, har da malaman makaranta, an kuma ƙayyade yawan 'ya'yansu da za a ɗauka a makarantu. A 1935 aka ƙwace musu 'yancin zama 'yan ƙasa, aka haramta auratayya da su. A Nuwamban 1938 aka ƙone wuraren ibadarsu, aka farfasa shagunansu, bayan 'yan kwanaki aka kori sauran yaransu daga makarantun Jamus baki ɗaya. To Alhaji, wa ya buɗe rajista ya ja layi a kan sunan yaron? Malami ne irina. Wa ya sayi shagon maƙwabcinsa a wulaƙance? Ɗan kasuwa ne irinka. A taron da aka yi a Wannsee, a gefen Berlin, a Janairun 1942, inda aka tsara yadda za a tafiyar da kisan, jami'ai 15 ne suka zauna, takwas daga cikinsu masu digirin dakta. Ba jahilci ne ya yi aikin ba. Shekaru aka kwashe ana saba wa kunnen jama'a da cewa waɗannan mutanen su ne musibar ƙasa, har ranar da aka zo kwashe su, akasarin maƙwabta suka rufe taga.

Na ji daɗi da malamin ya ambaci 'yan Roma, don da yawa mantawa suke yi da su. Ba mutanen birnin Roma na Italiya ba ne. Al'umma ce da asalinta daga Indiya yake, ta bazu cikin Turai ɗaruruwan shekaru da suka wuce, wasunsu maƙera, wasu dillalan dawaki, wasu makaɗa, wasu kuma ba sa zama wuri ɗaya. An yi musu tambarin sata tun kafin a haifi Hitler. Masana sun ƙiyasta waɗanda aka kashe tsakanin 250,000 da 500,000. A daren 2 ga Agusta 1944 aka hallaka dubbansu da suka rage a Auschwitz, galibi mata da yara da tsofaffi. Sai 1982 Jamus ta Yamma ta amsa cewa kisan ƙare dangi ne aka yi musu. Duk lokacin da na zo nan a aji, nakan ce wa yara su tuna irin maganar da ake yi a kasuwanninmu idan Bororo ya wuce, yadda laifin mutum ɗaya yake zama na ƙabila sukutum.

Cewa kuma mutuwar Turai ce, a nan na saba da kai. Jamusawa sun mulki Kamaru daga 1884 zuwa 1916. A Garwarku aka ci su da yaƙi a 1915, a kan dutsen Mora kuwa sai Fabrairun 1916 suka miƙa wuya. A zamanin mulkin nasu ne, tsakanin 1904 da 1908, suka yi wa ƙabilun Herero da Nama kisan ƙare dangi a Namibiya, abin da Jamus ta amsa da bakinta a 2021. Da yaƙin Hitler ya zo, Chadi ƙarƙashin gwamna Félix Éboué ta bi 'Yantacciyar Faransa ranar 26 ga Agusta 1940, wato ɓangaren Faransawan da suka ci gaba da yaƙar Hitler, washegari Kamaru ta biyo baya. Daga Chadi rundunar kwamandan Faransa Leclerc ta tashi ta ƙwace Kufra a Libiya daga hannun Italiya, ƙawar Hitler, a Maris 1941, kuma yawancin sojojinta baƙaƙen fata ne, kakannin mutanen yankinmu. A Yunin 1940 sojojin Jamus sun ware fursunoni 'yan Afirka a Chasselay, kusa da Lyon a Faransa, suka bindige su saboda launin fatarsu. A lissafin Nazi, ni da kai ma ba cikakkun mutane ba ne.

Batun Falasɗinawa kuwa, zuciyata tana ƙuna kamar taka, kuma ba wanda ya isa ya ce ka daina. Amma yaron da aka shaƙe da iskar guba a 1942 bai san wata ƙasa Isra'ila ba, don sai 1948 aka kafa ta. Ba ya ɗauke da alhakin kowa. Allah ya hore mu a Suratul Ma'ida, aya ta 8, kada ƙin wasu mutane ya sa mu bar adalci. Akwai Musulmin da suka riƙe wannan a lokacin da riƙe shi yake iya jawo kisa. Dakta Muhammad Helmy, likita ɗan Masar da ke zaune a Berlin, ya ɓoye wata yarinya Bayahudiya har yaƙin ya ƙare. A Albaniya iyalan Musulmi da dama sun ɓoye Yahudawa a gidajensu.

Ga abin da za ka roƙi malamin in kun haɗu. Kada ya cika wa yara ido da hotunan gawarwaki, tsoro kawai suke bari, labarin mutum ɗaya da sunansa ya fi shiga. Ya kawo musu Ruwanda ta 1994, inda gidan rediyo ya yi ta kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai kafin a kashe mutane kimanin 800,000 cikin kwana 100. Ya kawo musu maƙwabciyarmu Chadi, inda waɗanda suka tsira daga gidajen yarin tsohon shugaba Hissène Habré suka yi ta tattara sunaye da takardu, ba su gaji ba sai da kotu a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai a 2016. Sannan ya ba su aikin gida, kowa ya tambayi dattawan unguwarsu ko akwai tsohon soja a zuriyarsu, ko wanda rikicin Boko Haram ya ci, ya rubuto suna da gari da shekara. Ranar 27 ga Janairu a karanta su a aji tare da na Yahudawa da 'yan Roma. Kai ma in ka samu wanda zai tsare maka shago, ka je ka zauna a bayan aji ka saurara.